Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Yadda Muka Haɗa Injin Sassaƙa a Agege

Assalamu alaikum. A makon jiya na tsaya ne a inda Kawu ya yarda ya ba ni lungun bayan shagonsa na kafinta a Agege, bisa sharaɗi ɗaya: kada aikin mutane ya kwana saboda abin da yake kira "injin kwamfuta", wato injin sassaƙa na CNC. Yau zan faɗi yadda aka haɗa shi.

Ga wanda bai san CNC ba, ba wani abu ba ne illa rautar nan da kafintoci ke riƙewa da hannu suna fitar da baki ko rami a jikin katako. Sai dai ita wannan an ɗaure ta a kan gadar ƙarfe, kwamfuta ce ke tuƙa ta hagu da dama, gaba da baya, sama da ƙasa, hanyoyin da ake kira X da Y da Z. Akwai waɗanda ake shigowa da su daga Sin, manyan masu kayan ɗaki a Legas suna da su, amma kuɗin guda ɗaya ya fi jarin shagonmu gaba ɗaya.

Abin da ya sa na nace shi ne kayan ɗakin amare. 'Yan uwanmu na Agege da Mile 12 da Idi-Araba da Alaba Rago, in za su aurar da 'ya, sai ka ji uwar tana neman gado mai dagi a fuska, ko irin zanen da ke jikin tsofaffin soraye a Kano da Zariya. Mu kuwa sai dai mu ba da haƙuri, don mai sassaƙa irin wannan da hannu ya yi wuya a Ikko, in an same shi ma ranar biki za ta zo bai gama ba. Wasu har daga Arewa suke sa a ɗoro musu gado a tirela, ya iso da ƙuje a jiki. Abin yana ci mini rai. Zanen namu ne, masu sonsa suna ƙofar shagonmu, amma ba mu iya yi musu.

Da ƙarfe muka fara. Na je Owode Onirin, kasuwar ƙarafa da ke kan titin Ikorodu gaba kaɗan da Mile 12, na sayo bututun ƙarfe mai kusurwa huɗu, mai kauri. Teburin ƙafa 4 ne tsawo, ƙafa 4 faɗi, wato rabin falankin MDF, katakon nan da ake yi da matsattsen garin katako, tunda cikakkensa ƙafa 4 ne da ƙafa 8. Mai waldar layinmu dattijo ne Bayarabe, ya yi zaman Sabon Garin Kano a ƙuruciyarsa, Hausarsa tas. Da ya duba zanen da na kai masa sai ya ce, "Ɗana, zafin walda jan ƙarfe yake yi. In na dafe wannan kusurwa gaba ɗaya kafin in taɓa waccan, teburinka zai murɗe, kuma ido ba zai gani ba." Sai ya riƙa ɗiga walda kaɗan-kaɗan a kowace kusurwa, ya bari ta huce, ya auna, sannan ya ƙara.

Awon nasa shi ne abin da ba zan manta ba. Ya ɗauko zare biyu, ya ja ɗaya daga kusurwa zuwa kishiyarta, ya ja ɗayan ya gitta shi. Ya durƙusa, ya kanne ido ɗaya, ya duba tsakiya inda suka haɗu. Akwai 'yar tazara tsakaninsu wadda farce zai shiga. "Ka gani? Ƙafa ɗaya ta ɗaga." Ya sa guntun gwangwani ƙarƙashin wani gefe, ya buga guduma sau biyu, zaren suka shafi juna ba tare da ɗaya ya danne ɗaya ba. Sannan ya auna tsawon kowanne da tef, suka zo daidai. Na ce, "Baba, a ina ka koyi wannan?" Ya ce wurin masu haɗa ƙofofin ƙarfe. A ganina a nan injin ya samu ingancinsa, domin kwamfuta ba ta san tebur ya karkace ba, abin da aka ba ta kawai take bi.

Ɓangaren waya kuwa ƙanena ne ya riƙe shi, wanda ke karatun lantarki a kwalejin fasaha ta Yaba. Allon Arduino Uno, wanda ke karɓar umarni daga kwamfuta ya tuƙa injin, muka samo a Computer Village, kasuwar kayan kwamfuta da ke Ikeja. Ƙaramin abu ne, bai kai tafin hannu ba, asalinsa daga Italiya. A cikinsa ake zuba manhajar GRBL mai mayar da umarnin kwamfuta motsin inji, wadda wani ɗan ƙasar Norway ya fara rubutawa a 2009, ya sake ta kyauta ga duk mai so. Har yau in na tuna cewa wani mutum can ƙasar sanyi ya zauna ya yi wannan wahala bai nemi ko sisi ba, kuma ga ta tana ciyar da mu a Agege, sai in ji girmansa a raina.

Motocin da ke tura gadar su ne NEMA 23. Ba juyawa suke yi kamar fanka ba, taki-taki suke tafiya, taki 200 ne zagaye ɗaya. Kowace mota tana juya doguwar sandar ƙarfe mai zare, wadda a zagaye ɗaya take matsar da gadar milimita 5. Waɗannan sanduna da layukan da boris ke gudu a kai oda muka yi daga Sin, su ne suka fi cin kuɗi da jira. Ƙanena ya saita akwatunan TB6600 da ke ba motocin wuta su raba kowane taki gida 8. Ke nan taki 1,600 a zagaye, in ka raba da 5 ka samu 320 a kowace milimita. Wannan lamba ita muka shigar wa GRBL. Ya sa ni na yi lissafin da hannuna a bayan wani falanki, ya ce, "Yaya, ranar da ba na nan kai za ka gyara."

Gwajin farko ba da wuƙa muka yi ba. Biro muka ɗaure da roba a inda rauta za ta zauna, muka shimfiɗa takarda. Ƙanena ya rubuta umarnin tafiyar milimita 100 da G-code, yaren da injin ke ji, injin ya yi wani siririn kuka, biro ya ja layi. Muka ɗora rula, 100 cif. Sannan ya zana murabba'i. Kawu, wanda tun farko bai ce komai ba, ya ajiye zartonsa ya zo da sukwayarsa ta ƙarfe, ya ɗora a kusurwa ɗaya bayan ɗaya har huɗu. Ya ce, "To." Wanda ya san Kawu ya san nauyin wannan kalma a bakinsa.

Legas kuma ta kawo nata. In wuta ta ɗauke ana tsakiyar aiki, injin ya manta inda yake, falanki ya tafi a banza. Janareta kuma tun da aka cire tallafin mai a 2023 ba a kunna shi sai dole. Sai muka sa wa motocin ƙaramar inbata da batir, muka dasa makunnai a ƙarshen kowane layi, yadda in an kunna injin zai koma ya taɓa su ya gane mafarinsa. Rautar ma in ta tashi takan rikita wayar USB, kwamfuta ta rabu da Arduino. Maganinta shi ne raba wayoyin wuta da na saƙo, da kafa rodi a ƙasa aka haɗa shi da jikin injin. Ga danshin damina, wanda ke sa layukan tsatsa, MDF kuma ya kumbura. Kullum da yamma sai an share garin katako an shafa musu mai.

Dagin farko na zana shi ne a manhajar Inkscape, ita ma kyauta ce. Na zauna ina gyara lanƙwasarsa har sai da igiyoyin suka shiga juna suka fita yadda suke a jikin babbar riga. Muka dafe falanki da kusoshi masu zare, muka sa wuƙa mai baki kamar V, muka ce ta riƙa cin zurfin milimita 2 duk lokacin da ta bi zanen, don in ta nutsa da yawa mota kan tsallake taki zane ya goce. Na rufe hanci da baki, don garin MDF ba ya yi wa ƙirji daɗi. Da na danna, wuƙar ta sauka a hankali, ƙura ta tashi, yaran shago duk suka bar aikinsu suka kewaye mu. Kafin la'asar dagi ya fito, kowane gefe daidai da ɗan uwansa.

Kawu ya hure ƙurar, ya bi ramin da ɗan yatsa. Ya ce gefen yana da kaushi, sai an bi shi da sanfefa, kuma da gaskiyarsa. Sannan ya ɗauki falankin ya kai bakin shago ya jingine shi inda masu wucewa za su gani.

Washegari wata Hajiya mai aurar da 'yarta bayan Babbar Salla ta tsaya a kansa, ta tambayi nawa za a yi mata gado da madubi masu irin wannan zane. Ni da Kawu muka kalli juna, don ba mu taɓa tsayar da kuɗin aikin inji ba. A daren ne kuma babban yaron shagon ya same ni ya ce yana da magana a kan makomarsu. Wannan da cinikin Hajiya su ne labarin mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.