Sai Tsohon Fenti Ya Fita Tukuna

Duk motar da aka kawo mini don sabunta kujeru, kafin in taɓa komai sai na ɗiga ruwa a kan fatar. In ɗigon ya tsaya dunƙule, akwai rufi a wurin. In ya nutse har wurin ya yi duhu, fatar tsirara take. Daga nan nake sanin irin aikin da ke gabana.

Mutane da yawa sun ɗauka launin kujera launin fatar ne. A'a. Bayan jima, masana'anta kan shafa mata launi, su bi da wani siririn rufi mai kare ta daga gumi da rana. Na motocin yanzu mai laushi ne, yana lanƙwasa tare da fatar. Na tsofaffin motocin Ingila masu fatar kamfanin Connolly, irin su Jaguar da Rolls-Royce, ya fi tauri, tina, wato ruwan tsinka fenti, na narkar da shi, in ya tsufa kuma sai ya tsattsage kamar busasshen tabki. Shi ya sa nake fara gwada ruwan cire fenti a ƙasan kujera, inda ido ba ya kaiwa.

Wannan darasi da kunya na koye shi. Ina yaron shago, maigidana ya bar mini kujerar direba ya fita. Na jiƙa tsumma da asiton, wani ruwa mai ƙarfi na narkar da fenti, na hau goga. Saman ya fita tas, sai na gangara gefe, kawai na ji tsumman yana mannewa. Ashe gefen roba ne, ba fata ba, ya narke ya yi danƙo. Da ya dawo bai ɗaga murya ba, cewa kawai ya yi, "Yaro, Allah ya ba ka yatsu da hanci, me ya sa ka bar su a gida?" Har yau sai na latsa, na shinshina. Motoci da yawa wurin zama da jingina ne kaɗai fata, wasu tsofaffin Marsandi ma gaba ɗaya MB-Tex ne, roba ce da ke ruɗin har masu motar.

Aikin ba ya son gaggawa. Sai an cire kan batir kafin a kwance kujera, saboda jakar iskar kariyar haɗari da ke gefen wasu. A wanke datti da maiƙo, sannan a bi da ruwan cirewa kaɗan-kaɗan, faɗin tafin hannu, ana share abin da ya narke da tsumma mai tsabta tun bai sake bushewa ba. Bakin ɗinki da ƙaramin burushi nake binsa, don can fenti ke taruwa. Kujera mai huje-huje kuwa, rami ɗaya-ɗaya nake buɗewa da tsinke. Wajen goge fatar, sanfefa mai laushi, lamba 600 zuwa 1200, ta isa. In ka matsa ka cinye zanen fatar, ya tafi ke nan, ba ya dawowa.

Abin da ke ci mini rai shi ne masu feshin gwangwani. Su fesa fenti a kan datti da man ƙyalli, kujera ta yi sheƙi kwana biyu, sannan ta fara ɓarewa tana manne wa tufafi. Man ƙyallin nan mai silikon, muddin ya saura, sabon launi gudunsa yake, ya bar ƙananan ramuka kamar idon kifi. Akwai kujerar da na cire fenti hawa uku a kanta, baƙi a kan toka a kan ruwan madara, a ƙasa kuma fatar lafiya lau, datti ne kawai ya dame ta tun farko.

Duk da haka sai mai mota ya ce, "Haba Malam, ai fenti ne kawai, wancan da yamma ya gama." Ba na jayayya. Kujerar da aka gama cirewa nake nuna masa, in ce, "Alhaji, sa hannu ka ji." In ya ji laushin, sai in miƙa masa ɓawon da ya fita daga kanta, ya murza shi a yatsa ya ji yana karyewa.