Kwana Goma da Jif Mai Batir

A majalisarmu da ke zama bayan isha'i a ƙofar wani shagon taya, ba a cika musun ƙwallo ko siyasa ba. Musunmu ɗaya ne, kuma ya ƙi ci ya ƙi cinyewa: salun, jif ko wagon? Ni ɗan jif ne na gani-kashe-ni, ko da yake ban taɓa mallakar ta ba, tsohuwar Corolla nake ja. Hujjata kullum hanya ce. Duk wanda ya taɓa kutsawa lungunan unguwarmu a watan Agusta ya san mota mai ƙasa-ƙasa wahala ce. Injiniya, da ya fi mu karance-karance, ɗan salun ne, a wurinsa jif ba komai ba ce sai girman kai da shan mai. Sai Baba Direba, wanda ya shekara ashirin da ɗoriya yana lodin Kano zuwa Jos da Pijo 504 wagon, irin wadda aka riƙa haɗawa a Kaduna. Shi a ganinsa ranar da aka daina 504 aka daina mota, sauran duk kwalliya ce.

Da aka cire tallafin mai ran 29 ga Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki, daga baya har ta wuce dubu, sai musun ya sake salo. Da ma mun san labarin motar lantarki sama-sama. Mun ga hotunan Hyundai Kona da aka haɗa a Legas, wadda Jelani Aliyu ya riƙa nunawa lokacin yana shugabancin NADDC, hukumar bunƙasa ƙera motoci ta ƙasa, mun kuma ji labarin tashar caji mai aiki da hasken rana da suka kafa a Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato a 2021. Amma a lokacin kallon kayan baje koli muke wa abin. Sai da aljihu ya ji jiki muka fara tambayar farashi.

Kullum Injiniya sai ya zo da sabon labari a waya. Yau BYD ta shigo Legas da Atto 3 da Dolphin, gobe Volkswagen ta fitar da ID.7 mai dogon baya. Ni kuma abin da nake kafa hujja da shi biyu ne: motar da ta fi kowace sayuwa a duniya a 2023 Tesla Model Y ce, kuma jif ce, sannan Ford ta daina yi wa Amurkawa salun tun da ta ajiye Fusion a 2020. Nakan ce musu duniya ta riga ta yanke hukunci, ku kuka rage. Baba Direba sai dai ya kurɓi shayinsa ya ce, "Yaro, duniya ba ta taɓa ɗaukar fasinja bakwai da buhun dankali ba."

Ana cikin haka yayan matata ya tashi tafiya Umara. Yana da wata ƙaramar jif mai batir da wani dillali ya kawo masa kai tsaye daga Chaina. Ya miƙo mini makulli da wata jaka mai caja a ciki, ya ce, "Ka riƙa motsa ta, kada ta zauna." Na ce, "An gama, Yaya." A raina kuwa cewa nake abin nema ya samu, zan kai ta majalisa in rufe bakin kowa.

Kwanakin farko kam ba laifi. Ka danna maɓalli, ba ƙara, ba girgiza, sai da na ɗauka ba ta tashi ba. Ka taka totur ta zabura kamar an tsikare ta. Ka ɗaga ƙafa ta fara rage gudu da kanta, domin injin yana juyewa ya zama kamar janareto yana mayar da wuta cikin batir, har na yini a cunkoson Kano ban taka birki da kirki ba. Ba baƙin mai, ba filogi, ba salansa. A cikin gari, inda Corolla take shanye ni, ita nan ne ta fi tattali. Na yi lissafi a bayan wata takarda: batir ɗinta kusan kilowat-awa 60 ne, wato yunit 60 na wuta, in a layin da ake kira Band A kake, wanda ya fi samun wuta, inda yunit ke naira 200 da 'yan kai, cika shi bai kai naira dubu 13 ba. Jif mai shan lita ɗaya a kilomita goma, ko da lita na naira 900, sai ta ci sama da dubu 30 kafin ta yi kilomita 350. Na kai takardar majalisa ina ta washe baki.

Abin da ban faɗa musu ba shi ne yadda nake kwana. Cajar da ke cikin jakar ta soket ɗin gida ce, kilowat biyu da ɗan abu take ja. In batir ya yi ƙasa sosai, sai ka ba ta fiye da awa ashirin da huɗu, mu kuwa unguwarmu ba ta san wannan gatan ba. Na zama mai gadin ƙwan fitila. Ko ƙarfe biyun dare aka kawo wuta sai in fita da silifas in duba ko koren hasken cajar ya kama. Ran nan na ce bari in gwada janareto, caja ta yi ja ta ƙi. Mai gyaran wuta ya zo ya duba ya ce ai ba ta yarda sai ta ji wayar nan da ake binnewa a ƙasa. Ya kafa ƙarfe ya ɗaura, ta karɓa, ni kuma na zauna ina kallon janareto na shan fetur don in cika motar da aka saya saboda gudun fetur. Uwargida ta leƙo ta taga, ba ta ce komai ba, ta koma. Da ta yi magana ma da ya fi mini sauƙi.

Injiniya ya ce akwai abokinsa mai motar Turai da ya kafa caja ta bango mai kilowat bakwai, wadda za ta cika ta a dare ɗaya. Muka je. Na ɗauko kan cajar na kai bakin motar, zubinsu iri ɗaya, ramuka bakwai nan, bakwai can, amma ta ƙi shiga. Ashe 'yan Chaina nasu tsarin daban, GB/T, kuma a bakin cajin gida an juya shi ne: inda na Turai yake da tsinke, nasu rami ne. Amurka ma da nata. Sai da adafta, mu kuwa ba mu da ita. Muka sha lemo muka dawo.

Rana ta bakwai aka tashi ɗaurin auren ɗan gwaggona a Zariya. Kilomita ɗari da hamsin da wani abu ce, allon motar kuma ya nuna caji kashi 92, wai za ta yi kusan kilomita 400. Na ce zuwa da dawowa har da canji. Mu biyar muka shiga, manya. But ɗin jif ɗin da nake ta yabo, da aka sa akwati biyu da kular abinci sai ya cika, don tsayi gare shi ba zurfi. Dole aka ɗaura sauran kaya a kan kariya, aka ja su da igiyar roba.

Muna fita Na'ibawa na sake ta. Titi ya yi kyau, esi na busawa, ina tafiya 120 ina jin kaina. Wajen Kura na lura da wani abu: kowace kilomita ɗaya da muka ci, allon sai ya zare kusan biyu. Na ce ƙila ruɗewa ya yi. A Kwanar Ɗangora na daina hira. Gwaggo da ke baya ta ce, "Kai ɗan nan, lafiya ka yi tsit?" Na ce, "Lafiya lau, Gwaggo, hanya nake kallo." Ba hanya nake kallo ba. Mun shiga Zariya da kashi 35.

Ana ɗaurin aure ana rabon goro da alawa, ni hankalina na kan soket. Na samu ɗaya a ɗakin ƙofar gida, na zuro waya ta taga, yara suka kewaye motar suna kallon yadda ake yi mata caji kamar wayar hannu. Aka kawo wuta, aka ɗauke, aka sake kawowa. Duka-duka awa huɗu na samu, ta hau zuwa kashi 48. Na kira Injiniya, na sauke girman kai na faɗa masa gaskiya. Ya yi dariya har da tari, sannan ya ce, "Sauke kayan saman nan. Kada ka wuce 80. Ba nauyi ke cin ka ba, iska ce."

A nan ya yi mini bayanin da ya sha yi a majalisa ina toshe kunne. Turjiyar iska ba daidai da gudu take ƙaruwa ba, in ka ninka gudu sau biyu, ita sau huɗu take ninkuwa. Mota mai tsayi da faɗin goshi bango take turawa, ni kuma na ƙara mata hawa ɗaya da akwatuna. A motar fetur ma haka abin yake, sai dai ba ka damuwa, don gidan mai na gabanka kuma minti biyar ya ishe ka. Ya ba ni misalin da har yau yake kaina: Hyundai na da Ioniq 5 mai zubin jif da Ioniq 6 salun mai sulɓi, a lokacin batir ɗinsu ɗaya, kilowat-awa 77.4. A gwajin Turai ta farkon kilomita 507 ta yi, ta biyun 614. Fiye da kilomita ɗari, galibi saboda siffar jiki.

Muka bar kayan a Zariya wani ya taho da su washegari. Na kamo hanya da 75, masu Sharon da Golf na wuce ni suna waiwaye, wani yaron mota har da ɗaga mini hannu yana tambaya ko lalacewa ta yi. Na rage esi, Gwaggo na fifita da gefen mayafi tana cewa ita da ta sani da ta bi motar haya. Muka iso gida bayan isha'i da kashi 9, rigata sharkaf, ba kuma zafi ne kaɗai ya jiƙa ta ba.

Akwai wani abu da na gano washegari da na durƙusa ina duba ƙarƙashinta, don na ji ta gogi wani tudun rage gudu a Tashar Yari. Tsayin da nake taƙama da shi rabinsa na ido ne. Batir ɗin shimfiɗe yake a ƙasan motar daga gaba zuwa baya, shi ya ɗaga kujeru da rufi sama, amma tazarar cikinta da ƙasa ba ta fi ta Corolla da wani abin kirki ba. Kuma abin da ke gogar ƙasan ba salansa ba ce da mai walda zai liƙe maka da rana tsaka, shi ne abu mafi tsada a jikin motar. Na ma fahimci dalilin da ya sa kamfanoni ke ta fitar da masu batir a siffar jif: doguwar mota ta fi sauƙin ɓoye kaurin batir. Allah ya taimake ni ƙarfen kariyar ne kawai ya ɗan kwarzane.

Yanzu in Injiniya ya nuno hoton wata sabuwa da ke tafe, ba fitilu da girman allo nake fara kallo ba. Nakan tambayi bakin cajinta na wace ƙasa ne, da ko batir ɗin da ruwa ake sanyaya shi, domin tsohuwar Nissan Leaf da ba ta da wannan tsarin an san zafi na saurin tsufar da batir ɗinta, mu kuwa a Afrilu muna haura digiri 40. Da aka nuna Hilux mai batir a ƙarshen 2025, 'yan a-kori-kura na majalisa suka yi ta murna, har sai da aka karanto cewa kilomita 240 ake sa ran ta yi a gwajin Turai. Na ce musu wannan ba kaya ke nan, ku ɗora mata buhu goma ku nufi Kaduna mu gani. Har yanzu ina son jif, ban tuba ba, don lungunmu na nan yadda yake. Amma in mai batir ce, kuma akwai doguwar hanya a ciki, na fi karkata ga mai ƙasa da dogon baya, wadda kayanta ke shiga ciki ba sai an ɗaura a ka ba. Kafin ita ma, sola da inbata zan fara sawa a gida.

Daren da na faɗi haka a majalisa, Baba Direba bai ce uffan ba sai da na kai aya. Sannan ya ajiye kofi ya ce, "To me ka kwatanta in ba wagon ba?" Injiniya ya lalubo masa hoton Pijo E-308 SW, wagon mai batir, ya miƙa masa wayar. Baba ya nisanta ta da idonsa, ya matso da ita, ya ga zakin a goshinta, ya daɗe yana kallo.

"Kujera nawa?"

"Biyar, Baba."

Ya mayar masa da wayar. "A ce musu su ƙara layi ɗaya a baya."