Hular sanyi ta farko

Alhamdulillahi, yau na gama hular sanyi ta farko da hannuna. Sati uku ke nan ina zama gaban Inna bayan la'asar, da kwarashi da dunƙulen zaren ulu. Kwana huɗu na yi a kan sarƙa kawai, wato layin da ake fara saƙa da shi. Nakan matse zaren har kwarashin ya ƙi shiga ido, sai ta riƙe yatsana ta ce, "Sassauta hannu, 'yar nan." Sau biyu na warware, don na tsallake ido a layi na shida, hular ta karkace. Ɗazu Inna ta juya cikin hular ta duba, ta ce in kai wa jaririn Yaya kafin hunturu ya kankama. Gobe za mu fara safa, in sha Allahu.