Shekaruna a bayan masu waldar jirgin ƙarƙashin teku

Aikina duba walda ne. Wani ya haɗa ƙarfe, ni kuma in bi sawunsa da na'ura in ce ya yi, ko kuma a kankare a sake. Wannan sana'a ce ta kai ni Itaguaí, wani gari a bakin teku a jihar Rio de Janeiro, inda Brazil ke cika yarjejeniyar da ta ƙulla da Faransa a ƙarshen 2008: jiragen yaƙi huɗu na ƙarƙashin teku samfurin Scorpène, masu aiki da dizal da batir, sai na biyar mai ƙarfin nukiliya.

Sassan gaba na jirgin farko, Riachuelo, a Cherbourg ta Faransa aka ƙera su, a masana'antar DCNS wadda yanzu ake kira Naval Group. Can aka tura mu koyon aiki, kafin a ɗauko sassan zuwa Brazil a 2013. Takardu kam an ba mu tuli guda. Amma abin da ya fi yi mini amfani a bakin wani dattijon mai walda na same shi. Yana tsaye nesa, daga jin ƙarar wutar kawai sai ya ce wa yaro ya rage sauri, hannunsa ya karkace. In aka ɗauki hoton wurin da na'ura, sai ka tarar da ramin daidai inda ya faɗa.

Ƙarfen gangar jikin jirgin nan ba ya yafiya. Kowace mita 10 da aka nutsa, nauyin ruwa na ƙaruwa da kwatankwacin na iskar da ke kanmu a doron ƙasa, don haka tsaga komai ƙanƙantarta ajali ce ga mutanen ciki. Kafin a kunna wuta sai an lulluɓe wurin da bargon lantarki ya yi zafi, mai walda ya kutsa tsakanin haƙarƙarin jirgin yana aiki gumi na ɗiga daga haɓarsa. Sandunan walda a tanda suke kwana, domin da zarar sun sha laima sai ƙarfen ya tsage daga ciki, kuma ba nan take ba, sai bayan kwana ɗaya ko biyu. Shi ya sa ba ma duba aiki da zafinsa. Da muka koma Itaguaí, inda iskar teku ke jiƙa riga ko ba ka motsa ba, sai wannan doka ta ƙara tsanani. Mai walda ya ajiye sanda a waje ya je shan ruwa, to ta tashi daga aiki.

An saka Riachuelo a ruwa a Disamba 2018, rundunar ruwa ta karɓe shi a 2022. Ranar da aka saka na uku, Tonelero, a Maris 2024, har shugabannin Brazil da Faransa, Lula da Macron, sun halarta. An yi ta jawabin cewa Brazil ta mallaki fasahar. Ni dai ina jinjina maganar. Mun iya haɗa jirgi, babu tantama, amma kayan da suka fi tsada a cikinsa, irin su na'urar sauraron motsi a ruwa, har yanzu na Faransa ne. Injin nukiliya kuwa tun farko ba ya cikin cinikin. Sojojin ruwan Brazil ne ke fama da kayansu a Iperó, jihar São Paulo.

Abin da ya fi damuna shi ne hannu yana mantuwa. Brazil ta taɓa koyon wannan aiki a wurin Jamusawa, ta ƙera jirage a Rio har zuwa Tikuna da aka saka a ruwa a 2005. Da aiki ya tsaya, ma'aikata suka watse, wasu suka yi ritaya, sai da aka sake koyar da sababbi. A ƙa'idarmu, mai walda ya yi wata shida bai taɓa irin waldar da aka tantance shi a kai ba, sai ya sake zama gwaji. Kwangila za ta iya jiran kasafin kuɗin baɗi, amma yaran da muka horar kamfanonin haƙar mai a teku na nemansu ruwa a jallo, kuma sun fi mu biya.