Bari in rama wannan, sai in kwanta

Ɗan yayata ya samu aiki, albashin farko bai ko huce ba ya zo yana nuna min hoton na'urar wasan bidiyo ta PlayStation 5 a wayarsa, wai ita zai fara saya. Na tambaye shi yaushe zai riƙa bugawa, tunda sai rana ta faɗi yake dawowa gida. Ya ce, "Haba Kawu, ai dare nawa ne. In yi wa mutane bauta da rana, da dare ma a hana ni hutawa?" Gabana ya faɗi, domin da bakina na sha faɗar wannan magana tun shi yana rarrafe.

Ni a zamanin PlayStation 2 na kamu, wadda Sony ta fitar a 2000, ko da yake sai da ta kwana biyu kafin ta zo hannuna. Ƙwallo nake bugawa, Pro Evolution Soccer ta kamfanin Konami, musamman ɓangaren Master League, inda za a ba ka tarkacen 'yan wasa marasa suna marasa gudu, ka yi ta tara maki kana sayen na kirki har ka ɗaga kofi. Kada wani dattijo ya ce muku babu daɗi, bai taɓa riƙe fad, wato abin da ake dannawa a buga wasan, ba ne. A wurin aiki sai ka shekara oga bai ce maka sannu da ƙoƙari ba. A gem kuwa minti goma ya isa ka ga ladan wahalarka a kan allo, 'yan kallo na ihu.

Kalmar da ta cuce ni ita ce ramuwa. In aka ci ni, sai in ce bari in rama wannan, sai in kwanta. In na ci kuma, sai in ce yau hannuna ya faɗa, asara ce in tashi yanzu. Ko ta ina aka ɓullo, babu hanyar zuwa gado. Babban yatsana na hagu har kanta ya yi. Nakan kashe sautin talabijin gaba ɗaya don kada matata ta farka, in zauna cikin duhu ina murnar cin ƙwallo da baki a rufe kamar ɓarawo.

Ba a kore ni daga aiki ba, kada ku ɗauka irin wannan labarin ne. Abin a hankali ya zo. Na fara gyangyaɗi a wurin taro. Wata rana na miƙa rahoto da alƙaluman watan da ya wuce, ban ko lura ba sai da aka karanto su a gaban kowa. Babu wanda ya zage ni, sai dai daga nan duk aikin da ke buƙatar nutsuwa sai a zagaye teburina a kai wa wani yaro da ni na koya masa aikin. Da lokacin ƙarin girma ya zo, shi aka ba. Har yau ina ganin akwai son kai a ciki, don ogan namu dama jininmu bai haɗu ba. Kuma a yi min adalci: ban sha komai ba, ban yi yawon dare ba, abokaina da yawa a wuraren da suka fi nawa muni suke kwana. Ni dai ina gida.

Ina gida, amma ku ji irin zaman. Ɗiyarmu ta fari tana jinjira, tana ta kuka cikin dare, uwarta ta leƙo ta ce, "Don Allah karɓe ta in ɗan runtsa." Na ce ina zuwa, saura minti biyu. Ban yi ƙarya ba, a agogon gem minti biyu ne suka rage. Sai aka farke min ƙwallo, aka shiga ƙarin lokaci, aka je bugun fanareti, aka cire ni, na danna sabon wasa. Sanda na shiga ɗaki duk sun yi barci, ita a zaune ta jingina da bango. Ba ta yi min faɗa ba. Daga ranar ba ta sake neman in karɓi yarinya da dare ba, ni kuwa wawa har daɗi na ji, wai an bar ni na sarara.

A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da sanya jarabar wasan bidiyo cikin kundinta na cututtuka. Alamomi uku ta ambata: mutum ya kasa tsayar da kansa, ya fifita wasan a kan sauran lamuran rayuwa, ya kuma ci gaba duk da yana ganin ɓarnar, yawanci har tsawon wata 12. Hukumar ta ce kaɗan ne cikin masu wasa abin ke kai su nan, kuma da wannan jimlar na daɗe ina kare kaina. Wataƙila ma da gaske ban kai can ba. Amma barcin da na ci bashi ba ruwansa da kundi.

Abin da ke ƙona min rai, ku yaran yanzu tarkonku ya fi nawa ƙarfi amma ba kwa ji. Nawa gem ɗin ana tsayar da shi, a adana a ɗan katin ajiya, a dawo gobe a tarar da shi inda aka bari. Naku na intanet ne. Gem ɗin harbe-harbe na PUBG yana zuba mutum ɗari a fili ɗaya, wa zai jira ka don mahaifiyarka ta kira? Ga kyautar shiga kullum, in ka tsallake rana ka yi asara. Ga kakar wasa mai wa'adi. Ga akwatunan sa'a da za ka biya kuɗi ba ka san ɗan wasan da zai fito ba, abin da ƙasar Beljiyam ta kira caca ƙarara tun 2018. Kasar Sin kuwa a 2021 ta taƙaita wa 'yan ƙasa da shekara 18 wasan intanet zuwa awa uku a mako. Ku kuma da an yi magana sai ku ce ai ana samun kuɗi, wani yaro ɗan shekara 16 a Amurka ya ci dala miliyan 3 a gasar gem ɗin Fortnite ta 2019. Gaskiya ne ya ci. Miliyoyin da suka shiga neman gurbi suka tashi da jan ido fa? Kuma ku ajiye wayar in ana muku magana, abin haushi ne mutum yana ba ka labarin rayuwarsa kana "eh, eh" yatsunka na rawa.

Kai kuma ɗan yayata, na zauna da niyyar jero maka shawarwari goma, da na tace sai na ga yawancinsu surutu ne. Ka tsayar da lokacin tashi tun kafin ka kunna, kuma ranar da aka ci ka ita ce ranar da za ka fi tashi da wuri. Kada ka haɗa katin bankinka da kowane gem, ko sau ɗaya. Duk wasan da yake sa maka ranar zuwa da lokacin zuwa, ka goge shi, oga ɗaya ya ishe ka.

In son samu ne ma kada ka saya, ka bari sai ka shekara a wurin aikin an san ka da wani abin kirki. To amma na san ba za ka ji ba, kuma ni ma da nake wannan hayaniya har gobe ina bugawa a ƙarshen mako, ba ni da niyyar bari. Saboda haka ka saya, amma ka haɗa da fad na biyu. Ka riƙa bugawa da mutum a gefenka, wanda zai yi hamma ya duba agogo ya ce gobe akwai aiki. In kuma ya lallasa ka, ka bar shi ya tafi da nasararsa. Na san mutumin da ya taɓa ɓoye wa baƙonsa takalmi ƙarfe biyun dare, wai sai ya rama.