Kwana ɗayan da na yi wa rowa a Kilimanjaro

Takardar shaidar da aka miƙo mini a ƙofar Marangu, mashigar gandun dutsen Kilimanjaro a Tanzaniya, koriya ce. Ta waɗanda suka taka ƙololuwar Uhuru ruwan zinare ce. Tawa tana can ƙasan akwati, har yau ban nuna wa kowa ba sai uwargida.

Tun a garin Moshi na yi wa kaina sakiyar da ba ruwa. Aka ce hanyar Marangu ana yinta a kwana 5 ko 6, kwanan da ake ƙarawa na zama ne a sansanin Horombo don jiki ya saba da ƙarancin iska. Na buga lissafin kuɗin shiga gandun, da na ɗan jagora da 'yan dako, na mayar da shi naira, sai na ji ƙirjina ya buga. Na ce in biya daloli don in kwanta? Ni da nake hawa Goron Dutse kowace Asabar? A ba ni na kwana 5.

Kwana biyun farko lafiya lau: daji, birai, bukkokin Mandara, sai Horombo mai tsayin mita 3,720. Ɗan jagorana ba shi da magana sai "pole pole, kaka", wato sannu sannu, ɗan'uwa. Da farko har na tsargu, na ce yaushe na yi jika a Tanzaniya? Ashe a Swahili kaka na nufin wa, wato yaya namiji. Na yi dariya, amma ban rage sauri ba.

A Horombo na tarar da wata dattijuwar Bajamushiya, ta kai sa'ar gyatumata, tana shan shayi a rana. Ta riga ta yi kwananta na hutu, ta leƙa wasu duwatsu da ake kira Zebra Rocks ta dawo. Washegari muka tashi tare, na bar ta a baya cikin fakon nan da ke tsakanin kawunan dutsen guda biyu, Mawenzi da Kibo, ina tausaya mata ma.

A bukkar Kibo, sama da mita 4,700, kai ya fara sara mini kamar ana daka sakwara a ciki. Kilishin da na yi guzuri tun daga Kano ko ƙamshinsa ba na son ji. Taimama na yi na sallaci isha'i, don ruwan ba ya taɓuwa. Da ɗan jagora ya tambaye ni, sai na ce garau nake. Wannan ƙaryar ita ce wautata ta biyu. Idan ka je, don Allah ka faɗa masa gaskiya.

Sha biyun dare muka kama hawa da tocila a goshi. Tsakuwa ce zalla, ka yi taku uku ta zame da kai ɗaya. Ruwan gorata ya daskare. Bayan kogon Hans Meyer na yi amai sau biyu, ina tafe ina tangaɗi kamar wanda ya sha ya bugu. A nan baiwar Allahn nan ta zo ta wuce ni, taku ɗaiɗai, har da dafa mini kafaɗa.

Da jan ciki na kai Gilman's Point, inda mai koriyar takarda kan tsaya, mita 5,685, rana na ɓullowa ta bayan Mawenzi. Uhuru mita 5,895 ne. Mita 210 kacal! Ɗan jagora ya sa na miƙe in taka 'yan taku, ya dubi leɓena, ya girgiza kai ya ce ƙasa za mu. Na yi magiya, na ce zan ƙara masa wani abu. Ko kallona bai yi ba, ya ɗauki jakata ya riƙe mini hannu.

Kafin mu isa Horombo ciwon kan ya tafi kamar an cire ƙaya, har na cinye kilishin. Abin da ke ƙona mini rai, kuɗin da na yi tsiminsu bai kai kashi ɗaya cikin goma na abin da tafiyar ta ci ba, ga shi yanzu sai na sake sayen tikitin jirgi tun daga farko. Na fara adashe. Wannan karon ta hanyar Lemosho zan bi, kwana 8.