Ciwon da ke langaɓar da tumatir: abin da na koya a Kadawa

Akwai wani ciwo da tumatir zai kwana lafiya, rana na ɗagawa ka ga ya langaɓe gaba ɗaya alhali ganyen kore shar bai ko yi rawaya ba, to a kansa na yi furojet ɗina na ƙarshe a jami'a, a gonakin rani na Kadawa. Abin da ya fi ba ni tausayi shi ne manoma suna ɗauka ƙishirwa ce sai su ƙara ruwa, wasu kuma su ci bashi su sayo maganin feshi, alhali bakteriya ce mai suna Ralstonia, a ƙasa take zaune ta shiga ta saiwa ta toshe jijiyoyin da ke kai ruwa sama.

Gwajin farko ko sisi ba ka kashewa. Ka yanko kara daga kusa da gindi, ka tsoma bakinsa a kofin gilashi mai ruwa garau, kar ka motsa shi, cikin 'yan mintuna za ka ga wani abu fari kamar madara yana zuba siriri zuwa ƙasan kofin. In ciwon Fusarium ne, wato wani ciwon da shi ma yake langaɓar da tumatir, ba ya yin haka. Wani dattijo da na nuna wa ya ce "yaro sake yi in gani", na ce "Baba karɓi wuƙar ku yi da kanku", kuma wallahi ta fito.

Sai da muka kai samfur ɗakin gwaji aka yi PCR, wato gwajin ƙwayoyin halitta, sannan na gane ashe bakteriyar ba iri ɗaya ba ce. Tun 2005 wasu masana, Fegan da Prior, suka kasa ta rukuni 4 bisa ƙwayoyin halitta, na ɗaya asalinsa Asiya, na biyu nahiyar Amurka, na uku Afirka, na huɗu Indonesiya, a 2014 ma aka ce jinsi 3 ne daban daban. Kuma ba su tsaya inda suka fito ba, a Kamaru an samu rukuni 3 na farko duka. Shi ya sa in aka ce maka iri kaza yana jure ciwon, tambayar ita ce wanne nau'in bakteriyar yake jurewa, don ko irin tumatir ɗin nan Hawaii 7996 da masu bincike ke ji da shi akwai nau'in da ke kayar da shi. Ni yanzu ba na ba kowa shawarar cika gona da sabon iri sai ya fara gwada shi a 'yan kunyoyi.

In gwajin kofi ya nuna ita ce, a tuge shukar har da ƙasar gindinta a fitar daga gona, don Allah kar a jefa a hanyar ruwa don gonar maƙwabci za ta tafi kai tsaye. A wanke wuƙa da fartanya da bilic. Wurin kuma a sa masa masara ko dawa na wasu shekaru, ban da tattasai da yalo da dankalin turawa, su ma tana kama su.